Buhun Tagullar Baba Labo

Ku samarin da kuke zuwa gareji yanzu da waya a hannu, kuna cewa kanikanci ba wani abu ba ne, kwancewa ce da ɗaurewa, ku matso ku ji. Akwai wata 'yar tagulla da na yi shekara talatin da ɗoriya ina cire ta daga motocin mutane ban san aikinta ba, kuma duk tsawon lokacin nan gwani ake kirana. Sunana Illa, amma a tashar Ƙonni in ba ka ce Illa Lagireto ba, ba wanda zai nuna maka rumfata. Lagireto kuwa shi ne tankin nan mai raga da ke gaban mota yana sanyaya ruwan inji, a kansa na yi suna.

Aikin farko da aka ba ni a garejin Baba Labo shi ne wankin noti. Mahaifina ne ya kawo ni daga Alela wata ranar kasuwa, da ƙullin goro a hannunsa, ya ce, "Labo, ga shi nan, naka na. In ya yi, ka sa mishi albarka. In bai yi ba ka maido min shi, gona na nan tana jiran shi." Baba Labo ya dube ni sama da ƙasa, ya turo mini kwano cike da noti da baƙin mai, ya ce in wanke. Wata shida ina wannan wanki. Na ɗauka wulaƙanci ne, ashe so yake yatsuna su san girman kowane noti ba sai ido ya duba ba. Daga baya in yana kwance ƙarƙashin mota ya ce "sha uku," to kile, wato sufana, mai lamba goma sha uku yake son ya ji a tafinsa nan take. In ka miƙa masa sha huɗu ba zai yi maka faɗa ba. Jefar da ita zai yi can cikin rairayi, ka je ka nemo ka wanke, shi yana kwance yana jiranka, mai mota yana tsaye yana kallonka. Sau biyu aka yi mini haka, ban bari an yi na uku ba.

Kayan aikinmu duka akwatin ƙarfe ɗaya ne. Kile-kile, filaya biyu, guduma, jak ɗaya mai yoyo, da wani guntun bututu da muke zura wa kile in noti ya yi gardama. Sai wata doguwar turnabis, wato sukudireba, da Baba Labo ba ya bari kowa ya taɓa, kuma ba kwance-kwance yake yi da ita ba. Yakan ɗora bakinta a jikin inji yana aiki, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido, can ya ce ga inda ciwon yake. Ranar da ya fara ɗora mini ita a kunne ban ji komai ba sai ruri. Ya ce, "Saurara dai, kak ka yi gaggawa. Abin da mai mota yaɓ ɓoye maka, inji za shi hwaɗa maka." Gaskiyarsa kuwa. Direba zai rantse maka yau ɗin nan ƙarar ta fara, alhali tun kafin Sallah yake jin ta yana ƙara wa rediyo murya.

Lagireton da ya ba ni suna na wata babbar mota ce mai ɗaukar shanu, dutse ya huda shi a hanya, direban kuma ya zuba masa garin barkono da sabulu don ya toshe yoyon. Ya toshe kuwa, har da hanyoyin ruwan duka. Na sauke shi, na cushe bakunansa da totuwar masara da tsumma, na nutsa shi cikin kwamin ruwa ina hura masa iska da famfon keke ina bin inda kumfa ke fitowa. Kowace hanya na bi ta da siririyar waya na fitar da laka, na liƙe hujin da dalmar da na narke a kan gawayi. Yini biyu na yi a kansa. Da motar ta je ta dawo ba ta tafasa ba, direban ya shiga tasha yana cigiyar "yaron nan na lagireto," sunan ya bi ni har furfura.

Motar da na fara ganin an cire wa tamosta wata tsohuwar akori-kura ce mai ɗaukar albasa, an jawo ta daga hanyar Malbaza tana tururi. Baba Labo ya bari ta huce, ya kwance noti biyu a bakin bututun da ke kai ruwa daga inji zuwa lagireto, ya zaro tamostar, wata 'yar tagulla mai faɗin murfin gwangwanin tumatir, da waya a naɗe a cikinta. Tsatsa ta cinye ta, ta maƙale a rufe, ruwa ba hanyar wucewa. Ya ɗaga ta ya nuna mana, ya ce, "Kun ga wagga? Ta ƙasar ƙanƙara ta, don sanyinsu anka yi ta. Mu nan da rana ka dahwa ƙwai, mi za ta yi muna? Duk inda kunka gan ta ku hidda ta." Ya mai da bututun ba ita, ya cika ruwa, mota ta tashi lafiya lau. Da idona na gani, kuma a wancan zamanin bai yi kuskure ba. Ruwan rijiya muke zuba wa motoci, tamosta ta yi tsatsa ta liƙe, ba inda za ka samu sabuwa daga nan har Tawa, in ka bar ta inji ya ƙone.

Abin ya zama al'ada a Ƙonni. Duk motar da aka sayo daga Kwatano, kafin ma a ɗaura mata lamba sai an kawo ta a mai da ita 'yar ƙasa, haka muke cewa. A cire tamosta, a haɗa fanka kai tsaye yadda da an murza makulli za ta fara juyawa har sai an kashe. Mai mota ya tafi yana sa maka albarka, allurar zafi tana kwance a ƙasa, hankalinsa shi ma a kwance. Akwai kuma wata al'adar ta gidanmu, duk tagullar da ta fita daga mota rabon maigida ce. Ko bayan Baba Labo ya sallame ni na kafa tawa rumfar kusa da tasha ban daina ba. In sun taru sai in zuba su a leda in kai masa ranar Juma'a in na je gaisuwa. Ya karɓa ya ce, "Madalla, maƙera na jira." Ni dai na ɗauka tuni an narke su an yi awarwaro da zobba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa hana ni wannan aiki, Mushe Shaibu, haka muke kiran malaman boko da Faransanci, tsohon malamin lakwal, wato makaranta, da ya yi ritaya ya sayi 'yar motarsa. Ya kawo ta juyen mai, na ɗauko kile goma zan yi mata abin da muka saba, sai ya riƙe mini hannu.

"Illa, mi za ka hidda?"

Na gaya masa. Ya buɗe aljihun mota ya fito da littafinta na Faransanci, ya ce, "Waɗanda sunka ƙera ta ba su ce a hidda ba. Bar min abata."

Muka yi ta yi masa dariya a tasha, muna cewa Mushe da littafi yake tuƙi, ran da motar ta tafasa a hanyar Tawa sai ya tsaya ya karanta mata. Shekara da shekaru muna jira ta tafasa, ba ta tafasa ba, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili, har ni da ake kira gwani.

Ba mu tambaya ba ne don mai bai dame mu ba a lokacin. Iyakar Najeriya ga ta nan kusa, 'yan ruwa-ruwa suna shigo da fetur a jarka, kwalabe jere a bakin titi duk inda ka waiwaya. Da fetur muke wanke hannu. Direba zai tayar da mota a tasha tun fasinja ba su kai uku ba, ya bar ta tana ruri yana taka totur, don mai zuwa ya ɗauka yanzu za a tashi ya yi sauri ya shiga. A yi awa guda a haka ba wanda ya ji ciwo. Sai ga shekarar nan da ku ma kun gan ta, man Najeriya ya yi tsada, kafin mu farfaɗo kuma aka rufe iyaka. Motoci suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ana rufe su da tsofaffin tabarmi, awaki na hutawa a ƙarƙashinsu. Mutanen Bazaga suka koma wa amalanken jaki. Ni kaina akwai ranakun da tun safe har la'asar ban ɗauki kile ba.

Cikin wannan hali Asumana ya kawo mini motarsa. Asumana direba ne mai jigila tsakanin Ƙonni da Illela, tamu ta hanyar Tawa, ba ta tsallaken iyaka ba. Mutum ne mara hayaniya, tsohuwarsa da matarsa da 'ya'ya biyar duk a kan motar nan suke ci. Ya ce, "Illa, motag ga tana sha kamar an huda ta. Abin da nis samu ga hanya, ita ka cinye shi. Duba min ita don Allah. In ɗari ya wuce ba ta canza ba, aje ta za ni yi in bi ƙannena Abijan." Na san ba barazana ba ce, don ya riga ya gaya wa tsohuwarsa, ta yi kukanta ta haƙura. Na canza buji, wato fulogi, na wanke matacin iska, na daidaita iskar taya, na duba ko tanki na yoyo, na saki birkin baya da ke ɗan kamawa. Ta rage sha, amma kaɗan. Ya sake dawowa, na sake dubawa, ban ga komai ba. Motar nan kuwa ni na mai da ita 'yar ƙasa da hannuna ranar da ya sayo ta.

Wata safiya ta ɗari Allah ya haɗa motar Asumana da ta Mushe Shaibu a rumfata. Iri ɗaya ne, kusan sa'annin juna, duk biyun kuma a kunne. Na zagaya bayan ta Asumana, warin ɗanyen mai ya buge ni, na sa yatsa a bakin salansa ya fito baƙi ƙirin. Na yi wa ta Mushe haka, yatsana ya fito kusan fes. Na leƙa allurar zafi, ta Mushe ta hau ta tsaya tsakiya, ta Asumana tana kwance a ƙasa, alhali shi ya riga tayarwa. Na ce, "Mushe, littahin ga naka, mi yac ce ga 'yat tagullan nan?"

Ya sa tabarau ya karanta ya fassara mini. Ashe tamosta ƙofa ce. Da safe tana tsare ruwa a cikin inji don ya yi saurin ɗumama, in ya kai zafin da ake so ta buɗe da kanta. Tsofaffin motoci suna da cok da kake ja da hannu da safe don a ƙara wa inji mai, in ya ɗumama ka mayar. Na yanzu kuwa ƙwaƙwalwa gare su, ita ke wannan aikin, muddin ta ji inji da sanyi ƙara mai take yi. Mu da muka cire ƙofar muka sa fanka ta yi ta hurawa, mun bar motocin mutane suna tafiya da cok a jaye tun daga Ƙonni har inda za su. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Na fara tuno motocin da na yi wa haka, na kasa kai ƙarshensu.

Mushe mutum ne, Allah ya saka masa. Na roƙe shi aron tamostarsa na yini ɗaya, bai ce mini ai na gaya maka ba, cewa ya yi kawai in mai da masa kafin magariba. Na sa ta a motar Asumana, na mai da fanka yadda aka ƙera ta, na ce masa wani abu nake gwadawa, ya zuba man da ya saba zubawa ya je Illela ya dawo. Da la'asar ya shigo rumfa yana murmushi, rabona da ganin haƙoransa tun kafin a rufe iyaka. Ya ce, "Mi kas sa mata? Inda nika tsayawa in ƙara kwalba ga komowa, yau ban tsaya ba, kuma ga shi da saura." Sai na ɗauki kile a gabansa na kwance abin don in mai da wa mai shi. Ya tsaya yana kallona. Na ce aro ne, zan nemo masa tasa. Na bi shagunan kayan mota na Ƙonni kaf, na aika Malbaza, na aika Tawa. Ba mai ajiye tamosta, don tun da suke ba wanda ya taɓa zuwa saye. Sakkwato da za a samu, hanya a rufe. Matattun motocin da ake kwasar kayansu ma duk mun riga mun cire musu tun suna da rai.

Ana cikin haka sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, suka yarda a buɗe aji na koyon tattalin mai. Mushe ne ya kawo shawarar, ya samo aron ɗaki a lakwal, ranar Lahadi bayan la'asar, mako uku. Suka ce ni zan koyar. Na ce ni da ko sunana da ƙyar nake rubutawa? Mushe ya ce, "Kai ka magana, ni ka rubutu ga allo." Ranar farko ka ga manyan direbobi da gemunsu sun matse a kan bencin yara, gwiwoyi na dukan tebur, 'yan kabu-kabu a tsaye a baya. Da taya na fara. Na sa aka loda wa baro buhun gero, na sace iskar tayar, na kira wanda ya fi kowa jiki na ce ya tura. Ya tura yana nishi. Na buga wa tayar iska na ce ya sake, ya tafi da shi da hannu ɗaya ana ta dariya. Na ce abin da ƙugunsa ya ji, shi inji ke ji, kuma da mai yake ramawa. Daga ranar aka rage auna iskar taya da harbin ƙafa.

Maganar barin mota tana ruri a tasha ce ta tayar da gardama. Wani ya miƙe ya ce, "In ban bar ta kunne ba, wa za shi shiga tawa? Ta maƙwabci za a cika in bar nan ina kallo." Na ce gaskiya ne, mutum ɗaya ba zai iya kashewa ba, sai dai a kashe gaba ɗaya a bi layi. Aka yi ta cacar baki har shugaban sandika ya yanke, kowa ya kashe sai mai lodi ya cika. Mako na biyu muka yi ta matacin iska, wanda in ya toshe direba ke jefarwa ya bar inji yana shaƙar rairayi, da lodin da ake tulawa a kan rufi, da kashe inji a gangara, wanda ɗan man da ka rage bai kai birkin da ka rasa ba. Mutane suka ji daɗin ajin, har daga Malbaza wasu suka fara zuwa.

Babbar maganar kuwa ina ta ɗage ta. Kullum Mushe sai ya ce, "Yaushe za ka hwaɗi ta tagulla? In ka hwaɗa gaban kowa, sandika na iya sa a kawo da yawa daga Yamai. Don mutum guda ba mai kawowa." In ce mako mai zuwa. Ba direbobi nake tsoro ba, ko da yake na san wasu za su ce Illa ne ya yi shekaru yana zubar musu da mai. Baba Labo nake ji. Duk Ƙonni ta san daga bakinsa wannan aiki ya fito. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya bar aiki, abin da ya rage masa sunansa ne. In na faɗa, na tsaya gaban jama'a na kunyata mutumin da ya ba ni sana'a. In na yi shiru, ɗari yana wucewa Asumana zai ajiye mota ya bar tsohuwarsa.

Ranar Juma'a na je gidansa da niyyar in gaya masa tsakanina da shi. Na tarar da shi a zaure a kan buzu. Da ya ji muryata ya ce, "Illa, an ce kai na malam yanzu, kana koya ma direbobi cikin lakwal. Na ji daɗi ƙwarai. Abin da nib ba ka bai ɓace ba." Ya yi ta sa mini albarka. Na yi sallama na fito da maganar da na zo da ita.

Lahadin ƙarshe ina shiga aji na gan shi zaune a kujerar malami, da sandarsa a tsakanin ƙafafu. Shugaban sandika ne ya je ya ɗauko shi don girmamawa. Na dubi Mushe, ya sunkuyar da kai. Na dubi Asumana a bencin gaba. Na yi bisimilla na ce, "Jama'a, akwai abin da nike hidda ma motocinku, ni Illa, da hannun ga. Shi ka sha muku mai. Ku yahe min." Na yi bayanin tun daga farko, Mushe yana zana ƙofar a allo. Na ce tafasar da muke tsoro daga dattin lagireto take, a wanke shi a zuba masa ruwa mai kyau, tamosta ba za ta cuci kowa ba. Asumana ya miƙe ya ba da shaidar tafiyarsa ta Illela, ya ƙara da cewa shi bai riƙe ni da komai ba, don shi ya kawo motar da kansa ya ce a cire. Ban ambaci sunan kowa ba. Amma daga baya wani ya ɗaga murya ya ce, "To kai wa yak koya maka?"

Kowa ya dubi kujerar malami. Baba Labo ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce wa shugaban sandika, "Kai ni gida." Ya fita bai dube ni ba. Na ƙarasa ajin ban san abin da nake faɗa ba, kunya da baƙin ciki sun rufe ni.

Washegari da hantsi ina share rumfa sai ga amalanken jaki ya tsaya a gabana, Baba Labo a kai, da wani tsohon buhu a gefensa.

"Illa, zo ka sauke wanga, ya hi ƙarhina."

Na sauke da ƙyar, yana ƙara kamar an zuba cokula. Na kwance bakinsa. Tamosta ce tuli, wasu sun yi kore don daɗewa, wasu kamar jiya aka cire su, har ledojin da nake kai masa suna ciki.

Na ce, "Baba, ashe ba ka ba maƙera ba?"

Ya ce, "Kullum ina cewa in kai. In na ɗauko guda na shahwa aikin da anka yi mata, sai in ce wanda yay yi wagga ba wawa na ba. Ban san amhwaninta ba, amma hannuna ya ƙi ba da ta ga wuta. Jiya kun ɗauka hushi niy yi? Buhun nit tuna. Ban so in yi alkawali gaban mutane in tahi in ishe an zubda shi."

Direbobi sun riga sun taru. Ya juya wajensu ya ɗaga murya ya ce, "Wanda yat tambaya jiya wa yak koya mishi, ni na, Labo. Ga zamaninmu daidai na. Motoci sun canza ban sani ba, shi ya gane, kuma ya hwaɗi."

Mushe ya ce a littafi an nuna yadda ake gane mai rai, a jefa ta cikin tafasasshen ruwa. Mai shayin tasha ya ara mana tukunya, aka ɗora a wuta. Ta farko muka jefa, ko motsi. Ta biyu ta ɗan jima, sai ga ta tana buɗewa a hankali a ƙasan ruwa. Baba Labo da ba ya gani yana ta tambaya, "Ta buɗe? Ta buɗe?" Ihun mutane ne ya ba shi amsa. Na tsamo ta da filaya na naɗe a tsumma na sa masa a hannu, ya riƙe ta tana hucewa har ya ji ta rufe a ƙarƙashin yatsansa. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe rai gare ta." Yini muka yi muna dafa tagulla. Irin ta motar Asumana huɗu muka samu, biyu suka buɗe.

Asumana bai je Abijan ba, yana nan a hanyar Illela har yau, in ya wuce rumfata sai ya danna ham. Ba kowace mota ce ta samu tata a buhun ba, saura sai da aka kawo daga Yamai, amma da yawa sun tashi daga ƙarƙashin tabarmi. Baba Labo kuwa Allah ya yi masa rasuwa daminar da ta biyo, Allah ya jiƙansa da rahama, ya bar mini turnabis ɗin nan. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da shi, na gode da ya bar shi har ya ga ranar. Abin da nake so ku riƙe shi ne yadda aka sa wa motar Asumana tata da yammacin nan.

Na ɗauko kile goma zan fara, Baba Labo ya miƙo tafinsa kamar da. Na sa masa. Ya laluba ya kwance notin biyu ba tare da ya gani ba, sauri ma ya fi ni. Ya karɓi tamostar ya kai bakin bututun, ya juya ta nan, ya juya ta can, sai ya tsaya. Duk direbobin Ƙonni suna tsaye suna kallo, ya ce, "Illa, ta ina aka sa ta? Ni hidda ta kaɗai nis sani."

Na kama hannunsa na juya wayar ta fuskanci inji, muka zaunar da ita tare. Shi ya ɗaure notin da kansa.